Dalilin Auna Akwatin Ƙwaya Bayan Kowane Hoto

Ɗana, jiya da dare bayan mun tashi daga ɗaukar hoton waldar bututu da hasken gamma, wanda ke ratsa ƙarfe ya nuna cikin waldar a kan fim, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tilasta maka ɗaukar mitar auna hasken ka zagaye akwatin ƙwayar da ke fitar da shi bayan kowane hoto, alhali ka ƙirga da kanka juyin hannun da ke mayar da ƙwayar cikin akwati, kuma ka ji makulli ya kama. Na ji daɗin tambayar, domin a kanta rabin horon wannan sana'a yake.

Abin da hannunka ke juyawa waya ce, ba ƙwayar ba. Ƙwayar iridiyom-192 da muke aiki da ita 'yar ƙarama ce ƙwarai, tana rufe cikin ƙarfe a bakin wata gajeriyar waya, wadda ake haɗawa da doguwar wayar turawa ta wani ɗan maɗauri. Wannan maɗauri yana cinyewa da yawan aiki, yashi yana shiga cikinsa, haka kuma tiyon da ƙwayar ke bi yana iya lotsewa idan ƙarfe ya faɗo masa. Ranar da maɗaurin ya saki, doguwar wayar za ta dawo lafiya lau, ƙirgenka zai cika, amma ƙwayar tana can cikin tiyo. Hasken gamma kuwa ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya zafi a lokacin da yake ratsa jiki, sai bayan sa'o'i ko kwanaki fata ta fara ja tana tashi kamar ƙunar wuta.

A watan Fabrairun 1999, a Yanango ta ƙasar Peru, wajen aikin tashar lantarki ta ruwa, irin wannan ƙwaya ta fita daga akwatinta ba a sani ba. Wani mai walda ya tsince ta, ya zaci guntun ƙarfe ne, ya sa a aljihun baya na wandonsa, ya ci gaba da aiki har ya tafi da ita gida. Sai da dare ya yi nisa aka gane babu ita. Daga ƙarshe yanke masa ƙafa aka yi, kuma matarsa ma hasken ya taɓa ta. Ka lura cewa wanda ya rasa ƙafar ba ma'aikacin hoto ba ne, bawan Allah ne da ya amince cewa masu hoto sun yi aikinsu.

Kada ka dogara da bajin da ke maƙale a ƙirjinka. Aikinsa shi ne ya tara lissafin hasken da ya shige ka, domin a tabbatar ba ka wuce milisibat 20 (ma'aunin hasken da jiki ya sha) a shekara ba idan aka raba a kan shekara biyar, kamar yadda hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya ke bukata, amma sai an kai shi ɗakin gwaji ake karanta shi. Ba ya gargaɗi. Na'urar ƙararrawa da ke ƙugunka mataimakiya ce kawai, kuma ƙarar janareta tana iya danne ta.

Saboda haka ka kunna mita tun daga nesa, ka riƙe ta a gabanka, ka matso a hankali idonka a kan allura. Ka bi tiyon tun daga akwati har bakinsa, sannan ka zagaye akwatin. A jikin akwati dole ka ga ɗan motsi irin wanda ka gani da farkon aiki, domin garkuwar da ke cikin akwatin ba ta tare hasken gaba ɗaya. Idan allura ta kwanta a sifili, kada ka yi murna, ko dai mitar ta mutu ko ƙwayar ba ta ciki. Kuma kada ka raina tsohuwar ƙwaya don ƙarfinta yana raguwa da rabi duk kwana 74, wadda ta yi rauni ga fim tana da sauran ƙarfin lalata yatsu.

Idan allura ta haura, ka ja da baya nan take, domin duk ninkin nisa sau biyu yana mayar da hasken kashi ɗaya cikin huɗu. Ka faɗaɗa igiyar da ta kewaye wurin aiki, ka hana kowa shiga, ka kira ni da jami'in kariya ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada ka taɓa tiyon da hannu, kada kunya ta sa ka yi ƙoƙarin gyarawa kai kaɗai.

Gobe ka riga ni zuwa, ka duba batirin mita da ranar da aka daidaita ta, sannan zan nuna maka yadda ake gwada maɗaurin da ma'auninsa kafin a haɗa waya.