Fatawa: An fitar min da littafi, shin in watsa hoto da lambar wadda ta fitar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni marubuciya ce, ina rubuta labaran Hausa ina sayarwa ta WhatsApp. Duk mai so tana tura naira 500 ta asusuna, ta turo shaidar biya, sai in saka ta a zauren da nake sakin shafuka. A saman kowane shafi ina rubuta cewa littafin na kuɗi ne, ban yarda a fitar da shi ba. Ban ma kammala ba sai na gan shi yana yawo kyauta a Telegram da Facebook, a wani wurin har an cire sunana. Ciniki ya tsaya cak. Zargina ya fi ƙarfi a kan wata mata da ke cikin zauren. Da na tuntuɓe ta ba ta amsa ba, ba ta kuma musa ba, sai ta ce ai wanda ya sayi abu da kuɗinsa yana da ikon ya ba wanda ya so, kuma Musulunci bai yarda a ɓoye ilimi ba. Ina da hotonta da lambarta, da wata tsohuwar hira da muka yi inda ta faɗa min matsalar gidan aurenta. Ƙawayena marubuta sun ce in watsa duka domin ta zama izina. Malam, shin ina da haƙƙi a kan littafin nan a shari'a? Kuma ya halatta in watsa ta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Kina da haƙƙi a kan littafinki, wanda ya fitar da shi ba da izininki ba ya ci haƙƙinki kuma ya ci amana. Amma watsa hoton matar nan da lambarta da sirrin gidanta haramun ne, ko da ta tabbata ita ce ta fitar.

Mu fara da littafin. Abin da ke rikitar da mutane shi ne sun saba dukiya ita ce abin da hannu ke kamawa: hatsi, tufafi, dabba, kuɗi. Shi kuwa rubutun waya in an kwafa, na asalin bai ragu ba. Sai mutum ya ce, to me na ɗaukar mata? Malaman fiƙihu sun daɗe da rigan mu zuwa wannan wuri. Jumhuru, wato Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila, suna lissafa amfani a cikin dukiya, ba sai gangar jikin abu kaɗai ba. A Suratul Ƙasas, aya ta 27, aikin shekara takwas ne ya zama sadakin Annabi Musa (AS). A hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya aurar da wata mata ga mutumin da bai mallaki ko zoben ƙarfe ba, a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Sadaki kuwa ba a yin sa da abin da ba shi da ƙima. Bukhari ya kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Malikiyya sun halatta wa malami karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma a ƙasar nan kakanninmu ba su taɓa ganin aibin kuɗin Laraba da ake kai wa malamin makarantar allo ba. In har an karɓi lada a kan koyar da maganar Allah, wahalar da mutum ya sha wajen tsara labari ba za ta zama banza ba. Wanda ya ce bai rage miki komai ba, daidai yake da wanda ya shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya, da aka iso ya hana kuɗin mota yana cewa ai dama can motar za ta zo.

Malaman wannan zamani ma sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43. Abin da ya ƙunsa shi ne haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, al'adar zamani ta ba su ƙimar kuɗi, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya shi ma ya hana kwafar manhajojin kwamfuta da masu su suka hana a kwafa, ya kuma ce hukuncin ɗaya ne ko mai manhajar Musulmi ne ko wanda ba Musulmi ba matuƙar ba mai yaƙar Musulmi ba ne. Gaskiya ne akwai malaman da suka saɓa, kamar Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, wanda yake ganin wanda ya sayi littafi ya mallake shi kuma babu mai taƙaita masa. Muna girmama ijtihadinsu. Amma maganar jumhuru ta fi ƙarfi, kuma ɗansa Mufti Taƙi Usmani ya karkata ga tabbatar da wannan haƙƙi.

A mas'alarki kuma akwai abin da ya yanke gardama ko da mutum zai bi ra'ayin waɗanda suka saɓa, shi ne sharaɗi. Kin rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ki yarda a fitar ba, ta gani, ta biya, ta shiga. Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Abin da ta saya da naira 500 damar karantawa ce. Ba ta sayi damar rabawa ba, domin ba ki sa wannan a kasuwa ba. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna sai dai ya zama ciniki ne bisa yardar juna. Ina yardar a nan?

Batun ɓoye ilimi kuma, an ɗauko hadisi ne an ajiye shi ba a muhallinsa ba. Hadisin ya ce wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar alƙiyama. Malamai sun fassara shi da ilimin da mai tambaya ke buƙata a addininsa, kamar wanda ya zo yana neman sanin yadda zai yi salla ko hukuncin halal da haram aka hana shi. Labarin soyayya ko na zaman gidan aure bai shiga nan ba. Ko littafin fiƙihu ne ma, wanda ya buga ya kai kasuwa ya sa masa farashi bai ɓoye ba, ya bayyana ne. Abin yana damuna ƙwarai yadda zaurukan da ke ɗauke da sunayen addini suka fi kowa sakaci da wannan. Za ka ga an ɗauki littafin malami da ya shafe shekaru yana fassarawa, ya ci bashi ya buga, an bi shi shafi-shafi da kyamarar waya an mayar PDF, an rubuta "sadakatul jariya" a ƙasa. Ba a sadaka da kayan wani. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki.

Ba kowace kwafa ce haramun ba. Wanda mai littafi ya ce a yaɗa don Allah, a yaɗa. Ara wa ƙawa littafin takarda, ko karanta wa miji ko uwa abin da aka saya, al'ada ta yarda da shi kuma ba ya kashe kasuwa. Ɗauko ɗan yanki don kafa hujja tare da ambaton mai shi halal ne, haka malamai suka yi tun fil azal. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u gadon al'umma ne, kodayake wanda ya fassara su ko ya tace su a yau yana da haƙƙi a kan aikinsa. Wasu malamai sun yi rangwame ga ɗalibin da littafi ya ƙare a kasuwa kuma yana matuƙar buƙatarsa, ya kwafa don kansa ba don ciniki ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da zuba littafin da ake kan sayarwa a zauren mutum dubu. Cire sunanki kuwa laifi ne na daban, ƙarya ce da ha'inci. Duk wannan bayani yana kan littafin da abin da ke cikinsa halal ne. In batsa ce, sayar da shi haramun ne, kuma mai fitar da shi ya ƙara zunubin yaɗa alfasha a kan nasa.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma ita ce ta fi tsorata ni.

Da farko, ke da bakinki kin ce zargi ne. Kalamanta suna ƙarfafa zargin, amma ba iƙirari ba ne. Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce: ƙanwa tana ɗauka, 'ya tana ɗauka, ana kai ta wurin caji ko wurin gyara. Saƙon da aka tura a WhatsApp ba ya nuna wanda ya fara fitar da shi. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, a yi bincike kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Abin da ya shiga intanet kuma ba ya dawowa. In kin goge naki, na wayoyin mutane yana nan.

To a ƙaddara ma ta amsa laifinta. Shari'a ta ba wanda aka zalunta damar magana. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Akwai kuma hadisin da ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Amma dubi yadda magabata suka fassara halatta mutuncin: mai bin bashi ya ce wane ya ƙi biyana. Iyakarsa ke nan, ya faɗi zaluncin da aka yi masa. Ba a ba shi lasisin tona duk abin da ya sani game da mutumin ba. Allah ya ce a ƙarshen Suratun Nahli, in za ku rama ku rama da kwatankwacin abin da aka yi muku. Ita ta taɓa miki ciniki. Ke kuma kina shirin taɓa mutuncinta da aurenta da amincinta, waɗannan ba sa hawa ma'auni ɗaya.

Ki duba abin da zai faru a zahiri. Hoton matar aure da lambarta sun faɗa hannun dubban mutanen da ba ki sani ba. Cikin dare wayarta za ta fara ruri, wannan ya zage ta, wancan ya turo mata maganar banza, ɗan damfara ya ɗauki hoton ya buɗe shafi da sunanta yana karɓar kuɗin mutane. Mijinta zai ga maganar da ta faɗa a kansa tana yawo, dangin miji su gani, 'ya'yanta su ji a makaranta. In auren ya mutu, da hannunki a ciki.

Ita hirar da kuka yi kuwa hukuncinta ya fi tsanani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Waigawa kawai, don alama ce ta ba ya son wani ya ji. Ina ga matar da ta keɓe ki ta rubuto miki damuwar ɗakinta? Cin amanar da ta yi miki bai sauke amanar da ke wuyanki ba. Hadisi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Ki goge hoton hirar nan daga wayarki, kada wata rana fushi ya rinjaye ki. Ƙawayenki da suka ba ki wannan shawara su ji tsoron Allah, kuma duk wadda ta taya turawa tana da kaso a zunubin.

Dokar ƙasa ma a nan ta dace da shari'a ta ɓangarorin biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutu ko da ba a yi masa rajista ba, ta kuma ba mai shi damar aika takardar neman a sauke kayansa daga shafukan intanet. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar ƙorafi. A ɗaya ɓangaren, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kina iya shiga rigimar a matsayin mai ƙara ki fito a matsayin wadda ake ƙara.

Abin da ya halatta miki yana da faɗi. Ki cire ta daga zauren. Ki nemi ta goge abin da ta watsa, ta sanar a wuraren da ta tura cewa ba da izini ba ne, ta biya ki abin da adalai masu sanin harkar suka ƙiyasta ko ki yafe. Wannan ita ce tubarta, domin haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya sauke shi, haka ma duk wanda ya karanta yana sane cewa na kuɗi ne, ya biya ko ya nemi yafiya. Ki sa wani babba da take jin nauyinsa ya shiga tsakani. Ki kai rahoton shafukan ga Facebook da Telegram ta hanyar ƙorafin da suka tanada. In ta ƙi, ga hukuma ga kotu. In kuma ta tabbata da hujja cewa sana'arta ke nan, ya halatta ki gargaɗi 'yan uwanki marubuta a keɓe, gwargwadon abin da zai kare su, ba tare da hoto ko sirrin gida ba, don wannan nasiha ce.

"Allah ya isa" da kuke rubutawa a saman shafuka ya halatta ga wanda aka zalunta, kuma Annabi (SAW) ya gargaɗi Mu'azu ɗan Jabal da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Sai dai kada a wuce iyaka a roƙa wa mutum ciwon da ba ya warkewa ko a haɗa da 'ya'yansa da iyayensa, su ba su fitar miki da littafi ba.

Wallahu a'alam.