Yarana sun haddace jihohin Amurka 50, amma ba su san inda Jigawa take ba

Wata uwa mazauniyar jihar Ohio ta rubuto cewa 'ya'yanta biyu, mai shekara 7 da mai 9, suna iya jero jihohin Amurka da manyan biranensu, amma da kakarsu ta tambaye su a waya ko su 'yan wace jiha ce a gida, sai suka yi tsuru-tsuru. Mahaifinsu ɗan Haɗeja ne. Ga shi kuma za a yi musu fasfo na Najeriya, sai ta tarar tsohuwar takardar makarantar maigidan an rubuta Jihar Kano, shi kuwa yana cewa Jigawa. Tana tambaya: ta ina za ta fara koya musu, kuma wace jiha za ta cike?

'Yar'uwa, bari mu fara da takarda, don amsarta gajeriya ce. Jigawa za ki cike, ƙaramar hukumar Haɗeja, in dai can ne asalin maigidan. Takardarsa ba ta da kuskure: har zuwa 1991 Haɗeja a Jihar Kano take, a shekarar ce aka yanki Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, kuma fasfonsu na Amurka bai hana ba. Ki tanadi takardun haihuwarsu da fasfon mahaifinsu, a yi musu lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a kuma sa wani a gida ya karɓo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Kafin ku kama hanya, ki duba abin da ofishin jakadanci na Washington, ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta, ke nema a lokacin, domin sharuɗɗan kan sauya.

Wannan tsohuwar takardar ita ce darasinki na farko. Ki ɗauko ta ki shimfiɗa a gabansu, ki tambaye su: ta yaya Baba ya tashi daga Kano ya koma Jigawa alhali gidan su Kaka bai matsa ko taku ɗaya ba? Yara na son irin wannan kacici-kacici. Daga nan sai ki ba su labarin kamar yadda ake raba gandu tsakanin magada. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe yankuna ya kafa jihohi 12. Janar Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976. An haifi Katsina da Akwa Ibom a 1987, aka kai 30 a 1991, sannan 36 a 1996, lokacin da Zamfara ta fita daga Sakkwato, Gombe daga Bauci. Ke nan akwai jihohin da ke kanki kin girme su, kuma na tabbata hakan zai ba su dariya.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki zaunar da su haddar sunaye 36 a jere. Makaranta ta riga ta gajiyar da su da irin wannan, kuma sunan da ba shi da labari ba ya zama. Jiha ɗaya a mako ta isa, kowace da abu guda da zai sa su buɗe baki.

Ki fara da Yobe ko da ba ku da kowa a can. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna sai ya ci karo da katako. Da masana suka tono, ashe kwalekwale ne mai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Ki bar su su yi ta tambaya: me jirgin ruwa ke yi a wuri mai yashi? Sai ki nuna musu Tafkin Cadi a taswira, ki ce a zamanin da ya fi haka girma nesa ba kusa ba.

A Katsina akwai rijiyar Kusugu ta Daura da labarin Bayajidda da macijiya. Wannan kam ki bar wa Kaka ta ba su da bakinta a kiran bidiyo, ya fi daɗi, ita ma za ta ji ana yi da ita. Kebbi na da bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda da koma da gora. Bauci na da giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. A Taraba ake noman ganyen shayi a tsaunin Mambila, inda sanyi ke sa a nemi bargo. Idan kina da tsohuwar takardar naira 100, ki juya bayanta su ga Dutsen Zuma na Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa. Legas ce mafi ƙanƙanta. Kano kuwa ki haɗa musu da kirarinta, ta Dabo tumbin giwa, da Dutsen Dala da rijiyoyin rini na Ƙofar Mata.

Kada ki tsaya a Arewa kaɗai. Akwai yaran Yarbawa da Ibo a makarantunsu, yana da kyau su san Oyo da Enugu ma na ƙasarsu ne.

Ki buga taswira babba ki manna a jikin firji, duk jihar da aka gama su shafa mata launi. Jigawa kuwa a liƙa mata hoton Kaka daidai kan Haɗeja. Ranar da za ku je ɗaukar hoton fasfo, ki bar babban ya karanta fom ɗin, ya nuna miki da yatsa gurbin da aka rubuta jiharsa.