Sifikar Mashin Ɗina Tana Kukan Sauro

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a Jega. Na ɗaura MP3 a Boxer ɗina, amma da na murɗa totur sai sifikar ta kama wiii kamar sauro, in na saki ta lafa. Sau biyu ina canja ta.
— Mai karatu daga Jega, Jihar Kebbi

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi asarar kuɗinka, sifika ba ta da laifi. Ƙarar da ke tashi tare da totur daga wutar inji take. Na fi zargin mai wayarin ɗinka ya jona MP3 ɗin a wayar fitila don sauƙi, halinsu ne. Sa shi ya ja waya kai tsaye daga batir, da fiyus, nesa da koyil da wayar fulogi. Wayar da ke komawa jikin mashin kuwa, a kankare fenti da tsatsa kafin a ɗaure ta tam. Nan mutane ke sakaci.

In bayan haka kana jin tas-tas-tas, fulogi ne. Nemi mai harafin R a lambarsa, irin na kamfanin NGK, shi ne mai rage wannan ƙarar. Sannan a auna batir inji na aiki: in ya haura volt 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, ta gaji. In ka jona cajar wayar salula mai araha a mashin, ita ma cire ta ka saurara.