Baba Ya Ajiye Maganin Hawan Jini Saboda Kumburin Ƙafa da Tari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, shekarunsa 63. Wata huɗu da suka wuce jiri ya ɗebe shi a gona, aka kai shi asibiti aka auna, aka ce jininsa 178/104. Aka ba shi ƙwayoyi uku, a jikin kwalayen an rubuta Amlodipine 10, Lisinopril 10 da Vasoprin. Bai yi wata biyu yana sha ba ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ga wani busasshen tari da ke hana shi barci. Abokansa na majalisa suka ce maganin asibiti ke kashe ƙoda, sai ya ajiye. Yau sati uku ke nan, kumburin ya sace, tarin ya lafa, ya ce ya warke. Zoɓo yake sha da tafarnuwa, sai haɗin ciwon jiki da yake saya a kemis ranar kasuwa saboda gwiwarsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ya koma kan maganin ne ko mu bar shi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Baba bai yi ƙarya ba. Yadda kika kwatanta, kumburin daga magani ne, tarin ma daga magani ne. Inda ya kauce shi ne da ya ɗauka tafiyarsu na nufin ya warke. Kuma rabin laifin namu ne, mu na asibiti, da muke miƙo wa dattijo ƙwayoyi ta taga mu ce "ɗaya-ɗaya kullum", ba mu gaya masa abin da zai iya gani a jikinsa ba. Wanda ba a yi wa bayani a asibiti ba, ai majalisa za ta yi masa.

Tunda ku mutanen bakin kogi ne, kin san injin ban-ruwa da tiyonsa. Zuciya ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Idan tiyo ya tsuke ko ya ƙandare, inji sai ya yi ta gurnani yana tura ruwa da ƙarfi, har wata rana tiyo ya fashe ko injin ya gaji. In a ƙwaƙwalwa ya fashe ko ya toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In injin ne ya gaji, shi ne ciwon zuciya mai sa haki da kumburi. Daga 140/90 ake cewa mutum yana da hawan jini, kin ga 178/104 ba ƙaramin hawa ba ne. Mafi yawan masu shi kuma ba sa jin komai, kisan mummuƙe yake yi. Maganin ba ya fitar da cutar daga jiki, riƙe ta yake yi, kamar yadda ake ɗaure tunkiya a turke lokacin damina. Ranar da aka kwance, gona za ta nufa. Kusan tabbas jinin Baba ya koma inda yake a cikin satin nan uku.

Amlodifin aikinsa sassauta tiyo ne. Yana buɗe ƙananan jijiyoyi jini ya wuce cikin sauƙi, kuma ƙwaya ɗaya tana riƙe mutum kwana guda cur. Yana cikin waɗanda suka fi karɓar jikin baƙar fata. A 2019 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, wanda ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin da babu shi. Illarsa da aka fi sani ita ce wadda Baba ya gani. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun buɗe, masu dawo da shi ba su buɗe daidai da su ba, sai ruwa ya tsatso ya taru a idon sawu. Ana gane irin wannan kumburin: ƙafa biyu ne tare, da safe an tashi ya ragu, da la'asar igiyar takalmi ta yi shata a kan fata, in kika danna da babban yatsa a saman idon sawu sai ya lotsa ya ɗan jima kafin ya ciko. Ba ƙoda ce ta lalace ba. Ƙwaya mai lamba 10 ta fi kawo shi a kan mai lamba 5, don haka sau da yawa rage ƙarfin kawai muke yi mu tallafa da wani magani.

Amma ba kowane kumburi ne za a ɗora wa amlodifin ba. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo, ko fuska da ciki sun shiga ciki, ko fitsari ya ragu, ko mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, yana farkawa cikin dare numfashi na sarƙe shi, to wannan maganar zuciya ce ko ƙoda, a tafi babban asibiti a ranar. Can ne ake ba da irin su Lasix mai zuƙe ruwan da ya taru, da sifironolakton, da masu rage wa zuciya gudu. Na Baba da ya sace bayan ya ajiye ƙwaya bai yi kama da wannan ba.

Lisinofiril kuwa yana toshe wani sinadari ne da jiki ke haɗawa don matse jijiyoyi. Magani ne mai kyau ƙwarai, musamman ga mai ciwon suga ko wanda zuciyarsa ta raunana, don yana kare ƙoda da zuciya. Sai dai wasu yana sa musu ƙaiƙayin maƙogwaro da tari marar majina, marar zazzaɓi, wanda ba ya jin maganin tari ko an sha kwalba goma. Na taɓa ganin wata dattijuwa da ta yi wata biyar tana yawo da tari, an yi mata hoton ƙirji, ta sha allurai, ta sha zuma da citta har ta gaji, ashe ƙwayar da ke ƙulle a bakin zanenta ce. Gyaransa mai sauƙi ne: a canza zuwa 'yan'uwansa, losatan ko telmisatan, masu aiki kusan iri ɗaya amma da wuya su sa tari. Idan tarin Baba bai ɗauke gaba ɗaya ba, ko yana ramewa, yana gumin dare, a yi masa gwajin tarin tibi, kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati. Abu ɗaya da ba a wasa da shi a wannan magani: in leɓe ko harshe ya kumbura, a daina nan take a garzaya asibiti, kuma kada a sake sha har abada. Ke ma ki riƙe wannan: mai ciki ba ta shan lisinofiril ko losatan, suna illata jariri. Masu ciki akan ba su Aldomet, nifedifin ko labetalol.

Mai yiwuwa in kun koma a ƙara masa maganin sa fitsari, irin wanda muke rubutawa HCT a kati, ko Moduretic. Shi rage ruwa da gishirin da ke cikin tiyo yake yi. Da safe ake sha don kada a kwana ana zarya bayan gida. Ga manomi akwai lura: a bazara, ko lokacin azumi, mutum yana yini a rana yana gumi, maganin nan zai iya sa jiri da ɗaurewar jijiya. A azumi mukan mayar da shi bayan buɗa-baki. Akwai kuma masu rage wa injin kansa gudu, irin su atinolol da bisofurolol. Ba da su ake fara maganin hawan jini zalla ba, an fi ba wa mai ciwon ƙirji na zuciya ko mai bugun da ya rikice, kuma su ba a yanke su rana ɗaya.

Vasoprin asfirin ne ɗan ƙarami, miligiram 75. Ba ya sauke jini ko kaɗan, hana shi daskarewa yake yi. Yana da amfani sosai ga wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, ko ya taɓa shanyewar jiki irin ta toshewa. A ganina mun cika rubuta shi barkatai. Dattijon da bai taɓa samun ko ɗaya daga ciki ba, jininsa kuma bai sauka ba, asfirin zai iya jawo masa zubar jini a ciki. Ki tambayi likitan dalilin da ya sa aka ba shi. In babu dalili mai ƙarfi, a cire.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, wanda kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba: haɗin kemis. Na san ƙullin nan, 'yar farar leda da ƙwayoyi biyar ko shida, ja da rawaya da mai ruwan ƙasa, babu suna babu kwali. In an buɗe, yawanci za a tarar da dikulofenak, ko ibufurofen, ko Feldene, wani lokaci biyu a haɗe, sannan a jefa dekisa, wato dekisametazon mai kwantar da kumburi, a ciki don mutum ya ji garau. Dukkansu suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna hawar da jini, suna karya ƙarfin maganin asibiti, suna cin bangon ciki, balle an haɗa da Vasoprin. Masu kashe zafin kuma suna rage jinin da ke isa ƙoda. Mutum yana shan lisinofiril, yana shan na fitsari, ya ɗora haɗin nan a kai, ya yini a gona bai sha ruwa sosai ba, nan ne ƙoda kan durƙushe. Sai a ce maganin asibiti ne. Abokan Baba sun ga gawa, amma ba su kama wanda ya yi kisan ba. Hawan jinin da aka bari babu magani shi kansa yana kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda. Baba ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Don gwiwa, ya tsaya kan farasitamol da man shafawa har likita ya duba ta.

Zoɓo ba zan kushe shi ba, amfanin gonarmu ne a Jigawa, kuma yana ɗan sauke jini. Amma 'yan lambobi kaɗan yake ragewa, ba zai ɗauko mutum daga 178 ya dire shi a 135 ba. Ya sha abinsa marar sukari, tare da magani. Tafarnuwa ma a bar ta a miya. Abin da zai fi taimaka masa yana hannun mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yaji da kanwa. Mutane suna mantawa da kanwa, alhali 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ne cike da ita. A rage dunƙulen magi, a ƙara daddawa da albasa da citta, a sassauta kanwa a miyar kuka da wake da kunu. Kada a ware wa Baba tukunyarsa shi kaɗai, zai ji an mai da shi majinyaci ya ƙi ci. A rage wa gida duka a hankali, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Kada ya ɗauko tsofaffin kwalayen ya ci gaba da kansa, tarin da kumburin za su dawo ya sake ajiyewa, wannan karon ma ba za ki iya shawo kansa ba. Ki raka shi asibiti a cikin satin nan. Ki zuba komai a leda ɗaya, har da ƙullin kemis, ki juye a teburin likita, ki faɗi maganar tari da kumburi da bakinki, don dattawa in sun zauna gaban likita sai su ce "lafiya lau". Ki roƙi a yi gwajin ƙoda da na suga da na fitsari. Kafin awo ya zauna ya huta minti biyar, kada ya ci goro ko ya sha taba rabin awa kafin nan. Ki tambaya ko akwai ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu, ta fi sauƙin tunawa. In kuɗin ya yi nauyi ki faɗa ba kunya, akwai masu araha da ke aiki daidai, a dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A gida kuma a ajiye maganin a inuwa, ba a aljihun riga ko kan taga ƙarƙashin rufin kwano ba, a ɗaura shansa da sallar asuba.

In kafin ku je kika ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki, ko ƙirji ya riƙe shi da gumi, kada a tsaya shafa mai ko ɗura masa ƙwaya don a faɗo da jinin da sauri. A nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa, daga can in da buƙata za su tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa na yarda da shi kan tarin da kumburin, shi ma ya yarda a sake auna shi.