Gigin tsufa ba kowa yake kamawa ba

Wata mai karatu daga Gwammaja ta rubuto: "Malam, kakata ta fara manta sunayen jikokinta, mutanen gida suka ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Amma ga manyan mutane sun kai tamanin, har casa'in, ƙwaƙwalwarsu garau. Mene ne gigin tsufa, kuma me ya sa yake tsallake wasu?"

'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Gigi shi ne rikicewar hankali, mutum ya rasa inda yake ko abin da yake ciki. Daga nan muka sami gigita da gigicewa. Muna kuma cewa gigin barci, wato ruɗewar da kan kama wanda aka tasa a firgice. Kowa yana barci, amma ba kowa ke tashi da gigi ba. Haka tsufa. Bahaushe ya ware wa shekaru kalmominsu, tsoho, tsohuwa, tsoho tukuf, ya kuma ware wa ruɗewa tata. Alƙur'ani ma da ya ambaci arzalul umuri, wato mafi ƙasƙancin shekarun tsufa, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, cewa ya yi "daga cikinku akwai wanda ake mayarwa" gare shi. Bai ce dukanku ba.

Kano ta ga shaida. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, an haife shi a 1929, ya rasu a Alƙahira a 2017. Ganinsa ya tafi shekaru kafin rasuwarsa, amma yakan yi doguwar lacca da ka, da Hausa ko Turanci, yana jero tarihin jamhuriya ta farko. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2025, ya haura casa'in ana zuwa neman shawararsa. Alhaji Tanko Yakasai ma ya wuce casa'in 'yan jarida na yi masa tambayoyin siyasa yana amsawa.

Akwai rabo daga Allah, akwai gadon jini, akwai kuma hali na ganin likita a kan lokaci, wanda talaka ba ya samu cikin sauƙi. Sai dai abin da na fi ba nauyi shi ne zauren waɗannan manya ba ya rabuwa da jama'a. Kullum akwai mai sallama, mai neman sulhu, ɗalibi mai tambaya. Dole su tuna, su auna, su ba da amsa. Nan karin maganar nan take shigowa: da tsohuwar zuma ake magani. Mukan kawo ta don yabon tsofaffi, mu manta cewa aiki ne a cikinta, "ake magani". Manyan nan ba a daina ɗiban zumarsu ba. Namu na gida kuwa, da sunan hutar da su, mukan karɓe musu cefane da rabon abinci da shawarar aure, mu bar su a ƙuryar ɗaki da rediyo. Wannan yana damuna ƙwarai.

Likitoci suna ɗaukar gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma cutar Alzheimer ce ta fi jawo shi. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani da kaɗaici. Ɗan Masani ya rasa gani, amma bai rasa mutane ba.

Don haka kada a ƙyale Hajiya. A kai ta asibiti a auna jininta da suga, a duba kunnenta da idonta. Ku riƙa zama da ita, ku tambaye ta dangantakar zuri'a da yadda ake biki a zamaninsu, ku bar mata tsinkar zogale in tana so. In ta faɗi abin da bai yi kan gado ba, kada wanda ya yi mata tsawa, balle a jefe ta da maita, kamar yadda ake yi wa wasu tsofaffin mata da ciwo ne kawai ke damun su.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Mata ya tambaya: "Malam, tsoho da dattijo ɗaya ne?"

A'a, ɗana. Tsoho shekaru ne. Dattijo, wadda muka aro daga Fulatanci, ta ƙunshi kamun kai da riƙe girma, shi ya sa ake cewa wane ya yi dattako ko da furfura ba ta fito masa ba. Jam'inta dattawa ko dattijai, mace kuma dattijuwa. Daga nan ne majalisar sanatoci ta sami sunanta na Majalisar Dattawa.