Zauren Mai Jita: "Na san kod ashirin, amma ban iya waƙa ko ɗaya ba"

Hunturu ya sauka a Jos, da asuba yatsu ba sa son taɓa ƙarfe, amma wasiƙunku ba su daina zuwa ba. Na zaɓi biyar a wannan watan. Ta biyu ce za ta ci mana wuri, domin ciwon da ke cikinta shi ne ciwon yawancin masu koyo.

Malam, sati uku ke nan da yayana ya sayo mini jita ta hannu a wajen Taminus. Yatsuna sun yi ja, suna zafi, kuma in na danna tsirkiya sai ta riƙa zizar ƙudan zuma. Anya hannuna na jita ne? Daga wata ɗalibar sakandare, Bukuru.

'Yata, hannunki lafiya lau yake. Kowa ya sha wannan zafin. Kan yatsun hagu sai sun yi kanta, kuma hakan yakan ɗauki kamar wata guda in ana taɓawa kullum. Minti goma sha biyar da safe, goma sha biyar da yamma, ya fi awa uku a ranar Asabar kaɗai. In fata ta tsage, ki huta kwana biyu.

Zizar da kike ji tana da dalili biyu. Na farko naki ne: ki yanke farcen hagu ƙwal, ki danna da kan yatsa, kuma ki sa shi dab da bayan ƙarfen nan da ke gicciye a wuyan jita, wanda muke kira firet. Kada ki hau kan ƙarfen, kada kuma ki yi nesa da shi. In kin sa yatsa a wurin da ya dace, ƙarfi kaɗan ya isa.

Na biyu na jitar ne, kuma shi na fi zargi tunda ta hannu ce. Ki ƙirga zuwa firet na 12, ki duba ratar da ke tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Bai kamata ta wuce milimita 3 ba. In ba ki da abin awo, ki haɗa katin ATM huɗu, kaurinsu kusan haka ne. In sun shige har da sauran fili, tsirkiyar ta yi tsayi, kuma ko ƙwararre sai ya ji jiki. Ki kai wa mai gyara ya rage, ki ce ya sa miki tsirkiya mai laushi, lamba 10 maimakon 12. Gargaɗi ɗaya: in jitar mai tsirkiyar roba ce, kada kowa ya sa mata ta ƙarfe, za ta lanƙwasa wuyan ko ta ɓalle gadar da ke riƙe da tsirkiyoyin.

Ki fara da kod ɗin Em, yatsa biyu ne kawai. Kod shi ne danna wasu tsirkiyoyi a buga su tare su ba da sauti ɗaya, kowanne da harafin sunansa. Ki rubuto mini bayan wata guda.

Ranka ya daɗe, ni tela ne. Shekara biyu ina koyo a YouTube bayan na rufe shago. Na haddace kod sun kai ashirin, amma ran sunan ɗan ƙanena aka ce in yi waƙa ɗaya, na kasa. Duk sanda zan canza kod sai kiɗan ya tsaya. Kunya ta sa na rataye jitar. Daga wani tela, Gangare.

Ɗan'uwana, ka sauko da ita daga ƙusar yau ɗin nan. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, kuma maganinsa yana cikin shagonka.

Idan kana ɗinki a keken ƙafa, ka iso kwanar wuyan riga, me ƙafarka take yi? Tana tafiya da takunta, hannu ne yake juya yadi ya bi allura. Ranar da ka fara koyo ne kake tsayar da ƙafa duk sanda za ka juya. To a jita hannun dama shi ne ƙafar, hannun hagu shi ne mai juya yadi. Shekara biyu kana horar da hagu, ka bar dama yana jiransa. Mai sauraro kuwa dama yake ji. In kod ya ɗan gurɓace amma bugu bai tsaya ba, mata za su ci gaba da tafi. In bugu ya tsaya, ko kod ɗin ya fita tas, waƙa ta mutu.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ina roƙonka kada ka raina shi. Sati na farko ka manta da kod gaba ɗaya. Ka kwantar da yatsun hagu a kan tsirkiyoyin ba tare da dannawa ba, yadda za su riƙa ba da sautin cak-cak kamar ƙaramar ganga. Ka saukar da manhajar ƙirga bugu a wayarka, metronom ake ce mata, kyauta ce, ka sa ta a 60, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Hannu ya sauka a kan bugun, ya hau a tsakani. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, daga wuyan hannu, kafaɗa a sake. Minti biyar ba tsayawa. Za ka ji abin ya yi maka jinkiri har ya gundure ka. Ka daure, a nan ne hannun yake koyon tafiya shi kaɗai.

Sati na biyu ka ɗauki kod biyu tak, C da Am. Na zaɓe su da gangan: daga wannan zuwa wancan yatsa biyu ba sa motsi, manuni da na tsakiya suna nan a wurinsu, yatsan zobe ne kaɗai yake tashi daga firet na 3 a tsirkiya ta biyar ya koma firet na 2 a tsirkiya ta uku, in ka fara ƙirgawa daga mafi siriri. Bugu huɗu a C, huɗu a Am. Dokar ɗaya ce, dama ba ya jiran hagu. In hagu bai iso ba, ka buga a haka, zai koyi zuwa da wuri. Akwai kuma wani sirri da bidiyo ba su cika faɗa ba: makaɗa suna ɗaga yatsunsu tun a hawan ƙarshe kafin sabon kod, su bar tsirkiyoyin su yi ƙara a sake na ɗan ƙiftawar ido. Ka saurari duk wani mai jita da kake so da kyau, za ka ji wannan ɗan gurbin. Ba kuskure ba ne, haka ake yi.

Daga nan sai waƙa. Guda ɗaya, wadda kake rerawa kana guga ba tare da ka yi tunani ba. Waƙoƙi masu ɗimbin yawa, na hailaif da na coci da na zamani, suna zaune ne a kan kod uku, na ɗaya da na huɗu da na biyar. In ka fara daga G, su ne G da C da D, duka ka riga ka san su. Ka yi ta daga farko har ƙarshe a rabin saurinta, ka ɗauki kanka a waya, ka saurara washegari. Kunne ya fi gaskiya in hannu ba ya aiki. Inda ka ji ka yi tuntuɓe, ka ware wannan gaɓar kaɗai ka maimaita sau ashirin, sannan ka mayar da ita cikin waƙar. Kada ka taɓa waƙa ta biyu sai yaron shagonka ya iya bin ta farko da amshi ba tare da ka tsayar da shi ba.

Mu mutanen Jos ba mu da uzurin mance wannan. Marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a garin nan a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Ba shi da kod ko guda. Abin da yake da shi hannu ne da ba ya ɓata taku, da murya da ke zaune daram a kan takun. Kai kana da tsirkiya shida da kod ashirin, kayan aikinka sun yi yawa ma. Ina sa ran kafin ƙaramar Sallah ka aiko mini da labarin waƙa uku.

Kawu, ni bahago ne. Dole sai na nemi jita ta musamman? Daga wani matashi, Farin Gada.

Ba dole ba ne, ɗana. Ka gwada riƙon dama na sati biyu, domin jitar dama ce za ka tarar a duk inda ka shiga. In hannun ya ƙi, mai gyara zai iya juya maka tsirkiyoyin, amma ya canza har da ɗan ƙashin da suke hawa a ƙarshen wuya da na gada, in ba haka ba sautin ba zai daidaita ba. Mdou Moctar na Nijar bahago ne, kuma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Malam, jitata ta tsage a fuska, tsagi siriri daga gada zuwa ƙasa, ba ta kuwa faɗi ba. Kuma kullum sai na sake saita ta. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Rayfil.

Ƙanwata, hunturu ne. Katakon jita yana son damshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Disamba da Janairu a tudun nan kuwa ta bushe ƙwarai ƙasa da haka. Katako yana tsukewa, inda ya kasa jurewa sai ya tsage. Na yi asarar jitata ta farko a haka, na bar ta jingine kusa da kaskon wuta dare ɗaya, har yau ina jin zafin abin.

Ki sassauta tsirkiyoyin yanzu, ki kai ta a manne tsagin da gam ɗin katako tun bai yi nisa ba, kada a yi amfani da gam mai kamawa nan take. Bayan haka ta riƙa kwana cikin jakarta a rufe. Ki jiƙa soso, ki matse shi sosai, ki sa a kwandon sabulu mai huji, ki ajiye cikin jakar inda ba zai taɓa katakon ba, ki riƙa sake jiƙawa duk bayan kwana biyu ko uku. Ban da rana, ban da but ɗin mota.

Malam, shekara takwas ina kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Kod ba ya ba ni wahala, har su F da Bm. Amma in zumuntar mata suka ɗauko waƙar Hausa irin ta dā, duk kod ɗin da na sa sai in ji bai zauna ba. Na kuma ji kamar na daina ci gaba. Daga wani makaɗi, Tudun Wada.

Abokina, kunnenka bai yaudare ka ba, kuma wannan rashin jin daɗin shi ne ƙofar mataki na gaba. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar aka gina su, ba bakwai irin na do-re-mi ba. Idan ka ɗauki A a matsayin gida, su ne A, C, D, E da G. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti, muryar waƙa tana hawa da sauka ne da bin kalmomi. Kod ɗin Turawa yakan shigo da sautin da ba ya cikin biyar ɗin, ko ya ja waƙar zuwa inda kalmar ba ta nufa ba. Shi ne kake jin bai zauna ba.

Ka ajiye kod na ɗan lokaci. Ka ɗauki iyayen nan a waya da izininsu, ka koma gida ka nemo sautin da waƙar take hutawa a kai in an kai ƙarshen baiti, shi ne gidanta. Ka bi muryar a kan tsirkiya ɗaya, sauti bayan sauti, har jitar ta riƙa faɗin kalmomin. In ta zauna, sai babban yatsa ya riƙa buga tsirkiya mai kauri a sake, a kan sautin gida, kamar ganga a ƙarƙashi, manuni yana ɗauke da waƙar a sama. In muryarsu ba ta dace da tsirkiyar da ke sake ba, ka sa kafo, wato ɗan maƙalin da ke danne duka tsirkiyoyin a wuyan jita, ka matsa har ta dace. Kowane firet rabin mataki yake ɗagawa.

Ka lura da taku kuma. Da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙin uku-uku suke tafiya, abin da ake rubutawa 6/8, kai kuma hannunka ya saba da huɗu-huɗu. Ka kalli ƙafafun matan da masu girgiza caki, ka bi su.

Wannan hanyar ba sabuwa ba ce. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe salonsu ya zuba a jita. Makaɗan Agadas ma a kan gida ɗaya suke zama tsawon waƙa, ado duk a yatsu yake. Ka nemo su a YouTube, ka rage saurin zuwa 0.75, ka kwaikwayi jimla ɗaya a rana. Idan da mai garaya ko gurmi a kusa da kai, ka kai masa goro ka zauna gabansa da jitarka, ka roƙe shi ya yi a hankali.

Masu tambaya kan jitar lantarki da amfilifaya, na ga saƙonninku, wata mai zuwa naku ne in Allah ya kai mu.