Yayana ya kamu da ciwon dajin baki, kuma ba shi da inshora

Assalamu alaikum Gwaggo,

Yayana ɗan kabu-kabu ne. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, shi ya yi ta biya mini kuɗin makaranta har na zama malama. Tun bara wani gyambo ya fito masa a gefen harshe, ya yi ta cewa zafi ne. Sai da tuwo ya gagari haɗiya aka kai shi asibiti, aka yanki nama aka gwada, aka ce ciwon daji ne. Likita ya ce sai an yi aiki, wataƙila a bi da gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura.

Gwaggo, ba shi da inshorar lafiya, ba shi da komai sai babur ɗin, ga mata da yara huɗu. Kawunmu ya ce asibiti ba su da maganin daji, a kai shi wurin mai magani a ƙauye. Shi kuma Yaya ya yi shiru, ya hana a gaya wa Inna. Ko barci ba na iya yi. Ta ina zan fara?

Ƙanwa mai damuwa, Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar kawunku ce ta fi tayar mini da hankali. Dajin baki yana warkewa idan aka tare shi da wuri. Idan aka yi jinkiri yakan bazu zuwa wuya, aikin ya ƙara girma, kuɗin ma haka. Watannin da za a ɓata a ƙauye su ne ba ku da su. A yi addu'a, a yi tofi, amma kada a yarda a tsaga wurin ko a shafa masa abu mai cin nama. Kada ki ja da kawu a gaban mutane. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita, ya ji da kunnensa.

Sai kuɗi. Ki nemi likita ya rubuta muku rahoton cutar da ƙiyasin abin da za a kashe, don duk ƙofar da za ki ƙwanƙwasa takarda za a fara tambayar ki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashi, yana kuma da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki je ki yi musu bayani ba tare da kunya ba. Ki kai takardun Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda takan taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani. Ki leƙa SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, da ofishin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, domin dokar inshorar lafiya ta 2022 ta shafi kowa, har masu sana'ar hannu. Sai dai ba ranar rajista take fara aiki ba, kuma ba ta ɗauke dukan kuɗin daji, don haka kada a dakatar da magani ana jiran ta.

Babur ɗin nan kada a yi gaggawar sayar da shi. A ba amintaccen yaro ya riƙa kawo balas, da shi yara za su ci abinci.

Idan yana shan sigari ko sa taba gari a baki, yau ya kamata ya bari. Gashi yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kwana biyar a mako, kuma tsallake ranaku yana rage amfaninsa. Kafin a fara, likitan haƙori ya duba shi. Baki zai bushe, zai yi ciwo, sai ku dage da kunun gyaɗa, madara, ƙwai da fura mai ruwa-ruwa, ban da yaji da abu mai zafi. Ramewa babbar matsala ce a wannan ciwo.

Shirun yayanki kuwa na gane shi. Mutumin da ya saba bayarwa, karɓa takan yi masa nauyi. Kada ki tona masa asiri a bayan idonsa, amma ki gaya masa gaskiya: ke kaɗai ba za ki iya ba, kuma Inna ta fi cancanta ta ji daga bakinsa kafin ta ji a bakin maƙwabta. Ki ce za ki zauna kusa da shi ranar da zai faɗa mata. Daga nan a tara dangi, kowa ya faɗi abin da zai iya kawowa duk wata, a rubuta, a kuma raba kwanakin jinya da matarsa don ke ma ki samu zuwa aiki.